Zauren Goggo: Maigida ya rasu, ƙanensa ya kwashe takardun fansho

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Saƙonnin wannan makon kusan duk maganar kuɗi ce, fansho da gado da adashi, shi yasa na zaɓo guda biyar waɗanda nake ganin amsarsu zata amfani har waɗanda basu rubuto ba. Na cire sunaye kamar yadda muka saba. Masu tambaya kan rikicin kishiya da maganin sanyi kuyi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.

TAMBAYA TA FARKO

Goggo barka da aiki, dan Allah ki taimaka min da shawara wlh raina a jagule yake. Maigidana Allah ya yi mai rasuwa yau wata biyu, ina cikin takaba, ma'aikacin gwamnatin tarayya na shekara 22 yana aiki. Mu biyu ag gareshi, ɗiya takwas maza huɗu mata huɗu, biyar nawa ukku na abokiyar zamana, kuma mahaifiyarshi tana raye. Tun ranar sadakar ukku ƙanenshi ya ɗauke wayarshi da katin ATM da wata jakka da yake aje takardu, yace shi anka rubuta a ofis a matsayin magaji don haka duk abin da za a biya ta hannunshi za ya hito. Ni ko sunan kamfanin fanshon ban sani ba, marigayi bai taɓa zama ya yi min wagga magana ba, abin da na sani in wata ya ƙare ya kawo cefane. Tun sannan buhun shinkafa guda da dubu talatin munka gani, ga kuɗin makarantar yara ya taso. In na yi magana a ce ina takaba ina zancen dukiya. Mi zan yi?

Mai takaba, daga Mabera

AMSA

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari, ke da abokiyar zamanki Allah ya baku haƙuri. Ɗiyata ki share hawaye ki saurara da kyau don maganar tana da ɗan tsawo.

Sunan da mutum ya rubuta a gurbin da ake kira next of kin na fom lokacin da aka ɗauke shi aiki, amfaninsa shi ne a san wa za a nema in wani abu ya faru. Bai maida kowa magaji ba. Kuma nasan yadda akai sunan ƙanen ya shiga, yawancin mazajen nan suna samari suka cike fom ɗin, ba mata ba ɗa, sai su rubuta ƙane ko wa, daga nan shekara ashirin ta wuce ba wanda ya koma ya gyara. A shari'ar Musulunci kuwa tunda marigayi ya bar ɗa namiji, ɗan'uwansa ba shi da ko sisi a gadon, ɗa ya shamakance shi. Wannan ko ɗalibin da ya karanta babin gado a Risala ya sani, shi ma ƙanen ina zaton ya sani.

To kuɗin ma'aikacin tarayya in ya rasu yana bakin aiki ba wuri ɗaya suke ba. Akwai asusun fanshonsa, wanda tun dokar 2004 ta zamanin Obasanjo aka fara, aka sake dokar a 2014, yanzu duk wata ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashinsa ita kuma ma'aikata ta ɗora kashi 10, ana turawa kamfanin fansho da ya zaɓa suna juyawa. Wannan kamfanin bazai saki kuɗin ba don wani ya zo yace ni ne aka rubuta, sai an kawo takardar kotu wadda ta nuna su wane ne aka amince su karɓi dukiyar mamaci a madadin magada, haɗe da takardar shaidar rasuwa da wasiƙa daga ma'aikatarsa. Kinga kenan ƙanen ma sai ya bi ta kotu, kuma a nan ne kike da bakin magana. Abin da nake jiye miki shi ne a je a karɓo takardar da sunansa shi kaɗai kuna zaune a ɗaki baku sani ba. Ku dage a sa sunan wani daga ɓangaren kowace ɗaki, ko ku matan da kanku ko babban ɗa in ya mallaki hankalinsa.

Sai kuma inshorar rai, wadda doka ta ɗora wa ma'aikata ta yi wa kowane ma'aikaci, aƙalla ninki uku na abin da yake samu a shekara. Mutane da yawa basu ma san da ita ba, ana karɓar na fansho a tafi a barta. Amma nan akwai wajen lura, ita wannan doka tace kamfanin inshora ya biya wanda marigayi ya ambata a matsayin mai cin gajiya, kuma takardarta daban take da waccan. In aka duba aka ga ƙanen ne a wurin, kada ku tsaya jayayya a tsakar gida, ku kai wa alƙali ya duba tun kuɗin basu fita ba, don karɓo kuɗi bayan sun shiga aljihun mutum wahala ce babba. Banda waɗannan akwai abin da ke asusunsa na banki, da bashin albashi ko alawus in yana bi, da kofaretib ɗin ofis in yana zubi. Shi kuma katin ATM, daga ranar da rai ya fita duk naira ɗaya da ke asusun ta zama ta magada har da marayu ƙanana, wanda ya je ya cira ba tare da an yi rabo ba ya karanta aya ta 10 a Suratun Nisa'i ya ji da wa yake. A rubuta wa bankin a sanar da su rasuwar, zasu rufe asusun har a kawo takardar kotu, kuma daga baya ana iya neman bayanin duk abin da aka cira da ranar da aka cira.

Sunan kamfanin fansho ba abin ɓoyo bane. Ofishin mulki na ma'aikatarsa suna da shi a fayil da lambar asusun, yana kan takardar albashi sau da yawa, kuma kamfanonin suna turo saƙo a waya. In an rasa duka akwai hukumar PenCom da ke sa ido a kansu.

Yanzu bari in miki lissafi don kada ki sa rai da abin da ba haka ba. Da farko a cire kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya in akwai amma kada ta wuce sulusi. Mu ƙaddara bayan haka miliyan 12 ta rage. Mata suna da sumuni tunda akwai 'ya'ya, wato miliyan ɗaya da rabi, ku biyu zaku raba kowa dubu 750. Mahaifiyarsa sudusi, miliyan 2. Saura miliyan 8 da rabi na yara, kowace mace ta tashi da dubu 708 da 'yan kai, namiji ninki biyu. Kin gani ko? Naki na kanki ba shi da yawa, dubu 750 a wannan zamanin in aka zauna ana ci shekara bata zagayowa. Babban kuɗin na yara ne, saboda haka tambayar da ta fi komai nauyi ita ce wa zai riƙe dukiyar marayu, kuma alƙali ke da ikon naɗa mai riƙon in uban bai bar wasiyyi ba. Ki roƙi a buɗe wa kowane yaro asusu da sunansa, a rubuta abin da aka zuba, duk abin da za a cira na makaranta ko asibiti a rubuta. Na sha ganin yaro ya kai shekara 20 ya zo neman gadonsa a ce ai kai ka cinye a tuwo.

Kada ki manta da naki da ba gado ba. In akwai ragowar sadaki da bai cika miki ba bashi ne, kafin rabo ake fitarwa. In kin taɓa ranta masa kuɗi, ko kin saida zinarinki kin bashi ya ƙara a gini, ki faɗa ki kawo shaida. Kayan ɗakinki da awakinki da keken ɗinkinki naki ne, kada a haɗa a lissafi.

Maganar wai kina takaba kina zancen dukiya, wannan hanyar rufe bakin mata ce kawai. Wata huɗu da kwana goma ne, kuma malamanmu na Malikiyya sun halatta wa mai takaba ta fita da rana don buƙata ta dawo ta kwana a ɗakinta. In kina jin nauyi ki wakilta yayanki ko babanki. Ki fara da ruwan sanyi, ki haɗa kai da abokiyar zamanki (wannan ba lokacin kishi bane wlh, in kuka rabu ku duka za a cuta), ku sami babba a dangin miji da limamin unguwa a zauna a ce a fito da jakar takardu a gaban kowa. Wataƙila ma ƙanen ba mugu bane, ganin yake shi ne namiji shi zai yi ɗawainiya. In ya fito da su falillahil hamdu. In ya ƙi, kotun shari'ar Musulunci tana nan, kuma akwai ofishin Legal Aid na gwamnati masu taimaka wa marasa hali da lauya kyauta. Kafin abubuwa su daidaita ki kai kukanki Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, marayu suna cikin waɗanda take dubawa. Kuma duk takardar da aka kawo miki a ce dangwala nan, kada ki dangwala sai wani naki ya karanta miki ita tun daga sama har ƙasa.

Ku kuma maza masu karanta wannan zaure a ɓoye a wayar matanku, nasan kuna nan. Gobe Litinin ce ko Talata ku je ofis ku duba sunan wa ke fayil ɗinku.

TAMBAYA TA BIYU

Hajiya Goggo ina gaisuwa. Ni ma'aikacin tarayya ne, baɗi zan cika shekara 60 in aje aiki. Abokai sunce in an bani kuɗin dunƙule in sayi Keke Napep biyu in ba yara suna kawo balas, wani kuma yace in sayi albasa lokacin kaka in aje sai ta yi tsada. Sannan kamfanin fanshona sunce in bar kuɗin wurinsu suna biyana duk wata, wasu 'yan inshora kuma sun zo har ofis sunce nasu ya fi don har mutuwa suke biya. Kaina ya ɗaure. Wanne ya fi?

Wani magidanci, daga Arkilla

AMSA

Alhaji Allah ya sa a gama lafiya. Kafin mu kai ga Keke da albasa, ka tabbata kuɗin ma zasu fito a kan lokaci, don abin da ke tsaida mutane wata da watanni ba wani babban abu bane, suna ne da ranar haihuwa. A fayil ɗin ofis Muhammadu, a NIN Muhammad, a BVN Mamman, ranar haihuwa kala uku. Ka je kamfanin fanshonka yanzu ka sabunta bayananka komai ya zama iri ɗaya. Kuma in ka fara aiki kafin tsakiyar 2004 kana da haƙƙin shekarun da ka yi a tsohon tsari, wanda gwamnatin tarayya ce zata zuba maka shi a asusu, shi yasa PenCom ke tantance masu shirin ritaya tun kafin lokacinsu ya yi. Kada ka bari wannan tantancewar ta wuce ka.

Ba duka kuɗin za a damƙa maka ba, wani kaso za a baka a dunƙule, sauran a bari ana biyanka duk wata, kuma duk yadda ka ƙara yawan na dunƙulen haka na watan ke raguwa. Mutane suna zuwa da faɗa a basu mafi yawa, bayan shekara biyu kuma su dawo suna kukan abin da ke shigowa ko kuɗin wuta da magani bai kai ba.

Bambancin biyun da ka tambaya ga shi. In ka bar wa kamfanin fansho, kuɗin suna nan da sunanka ana ci gaba da juya su, kana ganin abin da ya rage, ranar da ta Allah ta kasance abin da ya saura na magada ne. Matsalarsa in Allah ya ja kwana sosai asusun na iya yin ƙasa. In ka kai wa kamfanin inshora, ka sayar musu da kuɗin ne su kuma su ɗauki alkawarin biyanka har ƙarshen rai ko shekara 100 ka yi, amma lamunin magada na shekara 10 ne kawai, in mutum ya rasu a cikinsu a biya iyali ragowar, in ya wuce su ba abin da iyali zasu karɓa. Sannan daga kamfanin fansho kana iya komawa inshora daga baya, amma in ka shiga inshora ba dawowa. Don haka ni a ganina mai ƙananan yara da mata a gida kada ya yi gaggawar sa hannu don an biyo shi ofis da murmushi, su masu tallan kamasho suke ci. Ka karɓi lissafin kowanne a rubuce ka je gida ka kwana a kai. In kuma zuciyarka bata kwanta da inda ake juya kuɗin ba saboda kuɗin ruwa, tun 2021 akwai asusu na shida da ake kira Fund VI wanda ba a sa shi a harkar ruwa, ka nemi fom ɗin komawa.

Yanzu Keke. Alhaji ka taɓa riƙe sifana? Ka san kuɗin taya da ringi da abin da 'yan ƙungiya ke karɓa? Yaron da zaka ba zai kawo balas sati uku lafiya lau, na huɗu yace inji ya buga, na biyar an kama shi, kai kuma kana gida da carbi kana jira. Wanda ya ci riba a harkar nan shi ne wanda ya san ta ko ɗansa na cikinsa ke tuƙi. Albasa kuma gaskiya ne ana samu, mutanen Wurno da Goronyo da Gada da ita suka yi gidaje, ana sayenta da arha lokacin da ta fito ta yi tsada in damina ta yi nisa, amma su sun san wadda zata jure ajiya da wadda ta sha taki da ruwa da yawa, sun san yadda ake zuba ta a rudu da yadda ake juyawa ana tsince ruɓaɓɓa, kuma duk da haka wata shekarar kusan rabi ke lalacewa. In kana so ka gwada da buhu kaɗan tare da wanda ya gada, ka ga shekara ɗaya tukun.

Kuɗin dunƙule a hannun ɗan fansho kamar ƙanƙara ce a ranar watan Afrilu a garin nan, kana kallo tana tsiyayewa. Ranar da alat ya shigo dangi zasu ji ko baka faɗa ba, wannan zai aurar da ɗiya, wancan rufin ɗakinsa ya yaye, sai kuma shaiɗan ya fara nuna maka wata bazawara a layinku. Shawarata tun kafin su shigo ka rubuta inda kowace naira zata. In gidan haya kake ko ginin bai ƙare ba, nan ne farko. Ka biya bashi. Ka ware na magani don hawan jini da suga basa jiran ƙarshen wata. Abin da ya rage kada ka barshi kwance a asusu, ka tuna a ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100, wato miliyan ɗaya da aka aje shekara guda ba ta iya sayen abin da ta saya da farko. Akwai Sukuk, wato takardar zuba jari ta gwamnatin tarayya, da aka fara a 2017 ana gina hanyoyi da shi, daga naira dubu 10 ake shiga, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara kuma ba ruwa a ciki, sai dai uwar kuɗin tana daɗewa shekaru kafin ta dawo, kada ka sa kuɗin cefane. Kuma ka zaunar da Hajiya ka nuna mata duk wannan, ka karanta wasiƙar da ke sama ka ga dalili.

Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi ku lura, wannan bayanin na tsarin tarayya ne, kowace jiha da dokarta, ku tambayi ofishin fansho naku.

TAMBAYA TA UKU

Goggo mu da ba mu aikin gwamnati hwa? Maigidana yadi yake saidawa a Babbar Kasuwa, ni kuma ina ƙuli da man gyaɗa cikin gida. Adashi ukku nike zubi. Shekarunshi sun hwara ja kuma ba mu da komi aje in ba kayan shago ba. Akwai fansho na talakka?

Maman yara, daga Runjin Sambo

AMSA

Akwai ƙanwata. A 2019 gwamnati ta buɗe tsarin fansho na masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, kamfanonin fanshon nan dai su ke yi, ki je da NIN ki buɗe, ki riƙa zuba abin da ya sawwaƙa kullum ko duk sati ko duk wata ba wanda zai tilasta miki adadi. Yadda aka tsara shi da farko kashi 40 kina iya cira in buƙata ta taso, kashi 60 a kulle sai tsufa, ki tambaye su ƙa'idar da ake bi yanzu kafin ki sa hannu. Ba zai maida ku masu kuɗi ba, amfaninsa kawai hannu baya kai masa da sauƙi.

Amma abin da ya fi tada min hankali a wasiƙarki shi ne komai na cikin shago. Kin tuna gobarar da aka yi a Babbar Kasuwa a Janairun 2021, mutane nawa suka wayi gari da dukiya suka kwana ba ko ƙyalle? Ku fitar da wani abu daga kasuwar, ko fili ne a bayan gari da takardarsa ta gaskiya, ko jajayen awakin nan namu da fatarsu ma kuɗi ce, ko ɗan zinari. Adashi yana da kyau don yana hana ɓarna, amma abin da kika zuba shi kike kwasa ba ƙari, kuma mai kwasar ƙarshe ita ke asara in kaya sun tashi. Uku sun yi yawa, ki bar ɗaya ki maida kuɗinsa ajiya. Kuma uwar adashi ta riƙa rubutawa, in ta faɗi ta mutu yau wa ya san wa ya kwasa wa bai kwasa ba?

Masu tsoron banki kuma, tun 2024 hukumar NDIC ta ɗaga lamunin ajiya zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai asusu a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan maikuro, in banki ya rushe za a biya har wannan adadin. Ga kuma bankunan da ba ruwa irin su Jaiz da TAJ. Ki buɗe da sunanki ke, ba na maigida ko na ɗanki ba.

TAMBAYA TA HUƊU

Goggo an raba gadon babanmu, Inna ta samu dubu 900. Wani abokina ya nuna min wata manhaja a waya da ake sa kuɗi duk wata su ba da kashi 30, shi har ya cira sau biyu na gani da idona. Ina so in sa mata don ta riƙa samun na cefane.

Ɗalibi, daga Gidan Igwai

AMSA

Kul. Kada ka soma ɗana. Cirar da abokinka ya yi sau biyu kuɗin waɗanda suka shiga bayansa ne aka bashi don ya jawo irinka. Haka MMM ta yi ta rufe a Disamban 2016, haka CBEX ta yi a Afrilun 2025, kuma duk biyun akwai masu rantsuwa sun cira da hannunsu. Ka tambayi kanka wace sana'a ce ke kawo kashi 30 duk wata ba fashi ba asara, in da akwai ta ai masu ita bazasu neme ka a WhatsApp ba. Banza bata kai zomo kasuwa. Kuɗin Inna kuma nata ne, ka je ka tambaye ta me ta iya me take so, wataƙila tunkiya biyu da injin markaɗe ne a ranta.

TAMBAYA TA BIYAR

Malama Goggo ni ina koyarwa a Islamiyyar matan aure da dare. Sau da yawa ɗalibaina suna kawo min waya in duba musu alat, wasu har lambar sirrinsu suke faɗa min. Ina tunanin ware rabin awa a sati in koya musu harkar kuɗi amma ina tsoron mazansu su ce na kauce daga karatu. Ta ina zan fara?

Malama, daga Tudun Wada

AMSA

Malama Allah ya biya ki, wannan ita ce wasiƙar da ta fi faranta min a makon nan. Duk mijin da ya ce kin kauce ki buɗe masa aya ta 282 a Baƙara, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, kan rubuta bashi take da kafa shaidu. Ilimin gado ma lissafi ne. Kuma a garin nan ne Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'yan taru, tana koyar da malamai mata da ake kira jaji su kuma su koma ƙauyuka su koyar da mata a cikin gidajensu, don haka mace ta koya wa mace abin da zai amfane ta ba baƙon abu bane a Sakkwato.

Kada ki fara da manyan abubuwa. Sati na farko karanta lambobi kawai, a bambance 5,000 da 50,000 da 500,000, don wlh akwai matan da sifiri ɗaya ke cuta a wurin mai POS. Kowace ta buɗe saƙon bankinta ta nuna miki ina aka rubuta abin da ya shiga, ina abin da ya fita, ina ragowa. Daga nan lambar sirri, ba a faɗa wa kowa har ke malama, kuma ba a sa shekarar haihuwa ko 1234. Ki maimaita musu har su haddace cewa banki baya bugo waya yace karanto min lambar da aka turo miki yanzu, duk wanda ya ce haka ɓarawo ne ko da ya kira sunanta da na babanta daidai, ko ya ce daga ofishin tallafi yake.

In sun kama wannan sai ki shiga littafin sana'a, kowace ta sayi ɗan littafi na naira ɗari biyu ko uku, shafi ɗaya abin da ta kashe a gyaɗa da itace da niƙa, ɗaya shafin abin da ta sayar, bashin da maƙwabta suka ɗauka shi ma da wurinsa. Da yawa zasu gane a wata ɗaya cewa uwar kuɗin suke ci suna zaton riba ce. Wadda bata iya boko ba ta rubuta da ajami, lissafi dai ake so.

Sai darasi na ƙarshe wanda shi zai fi wuya, kowace ta nemi lokacin da maigida ke cikin nishaɗi ta tambaye shi abu huɗu, wane banki yake ajiya, wane kamfanin fansho in ma'aikaci ne, ina takardun gida da gona suke, wa yake bi wa ke binsa. Ba adadin kuɗin zata tambaya ba, wurin kawai. Wasu mazan zasu ce fatan mutuwa ake musu, shi yasa zai yi kyau ki fara samun limamin masallacin unguwa ya taɓo maganar a karatun magariba kafin matan su tambaya, ya kawo musu hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas inda Annabi (SAW) ya nuna masa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. In kin fara ki rubuto min yadda ajin ya kasance, kuma ki gaya min in akwai wasu Islamiyyun da ke so, zan tura miki darussan a rubuce ta hannun editanmu.